Ciwon wuya da kafaɗa: allurar Sinawa ko motsa jiki?

Razak Tela, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi ta ƙasar Gana, shekaruna 43. Tun bayan ɗinkin ƙaramar Salla wuyana da saman kafaɗata ta dama suke ciwo. Da safe da sauƙi, amma daga azahar sai wurin ya ɗaure, ciwon ya hau ta ƙeya zuwa bayan kunne, wani lokaci har gefen ido. In na danna tsakanin wuya da kan kafaɗa ina jin wani ƙulli mai tauri kamar ƙwallon dabino. Waiwaye zuwa dama ba ya cika, ko sallamar salla sai na juya da kafaɗa gaba ɗaya. Ban faɗi ba, ba zazzaɓi, hannun kuma da ƙarfinsa. Dikolofenak nake sha kusan kullum, yana lafawa ya dawo.

An ce mini akwai masu tsira allura irin ta Sinawa, wasu kuma sun ce motsa jiki ne maganinsa, wasu sun ce in je a yi mini ƙaho. Don Allah masu sani, allurar nan tana aiki? Ba hatsari a ciki? Sau nawa ake zuwa? In motsa jiki ne, wane iri, tunda ni wuni nake ina motsi a kan keke?

Hajiya Safiya, likitar fisiyo

Wa alaikumus salam Malam Razak, sannu, Allah ya ƙara sauƙi.

Kafin komai, akwai ciwon wuya da ba a zama da shi a gida. Sanƙarewar wuya tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, musamman lokacin hunturu da bazara ko bayan dawowa daga arewa, a ɗauka sanƙarau ne har sai asibiti ya ce ba shi ba ne. Haka in ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko hatsarin mota, ko hannu ya fara mutuwa, ko almakashi na suɓucewa, ko sa maɓalli ya fara gagara, ko tafiya ta zama da tangaɗi, ko ciwon yana haɗe da nauyin ƙirji yana sauka hannun hagu. Waɗannan na gaggawa ne, babban asibitin Komfo Anokye kai tsaye. Kai ba ka ambaci ko ɗaya ba, kuma abin da ka siffanta ya yi kama da ciwon tsoka.

Tsokoki biyu ne suka fi shiga wannan. Ɗaya ita ce babbar tsokar saman kafaɗa da ake kira tirafiziyos, wadda ta taso daga ƙeya ta bazu zuwa kan kafaɗa. In ƙulli ya yi a cikinta, tana tura ciwo ta gefen wuya zuwa bayan kunne da gefen ido, daidai yadda ka faɗa. Ta biyu tana ƙarƙashinta, daga ƙasusuwan wuya huɗu na sama zuwa kusurwar allon kafaɗa, ita ce mai hana waiwaye. Kan babban mutum yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa a 2014 cewa in aka sunkuyar da kai digiri 30, nauyin da wuya ke ji ya kai kilo 18, a digiri 60 kuma kilo 27. Lissafi ne, ba auna mutane ya yi ba, amma ya isa ya nuna maka abin da waɗannan tsokoki ke riƙewa tun safe. Motsin da kake yi a kan keke na ƙafa ne da yatsu. Kafaɗa a ɗaure take wuri guda, ba ta hutawa ba ta kuma ƙara ƙarfi.

Ka fara da ƙananan tsokokin gaban wuya, su ne ke yin rauni su bar wa na baya aiki. Kwanta rigingine a tabarma, ka ninke tawul siriri a ƙarƙashin kai. Ka sauke haɓa a hankali kamar mai cewa "e" da kai, ba tare da ka ɗaga ƙeya daga tawul ba. Riƙe daƙiƙa 10, saki, sau 10, safe da dare. Ka ɗora yatsu a kan tsokar nan mai kauri da ta sauko daga bayan kunne zuwa gaban wuya. In ta yi tauri, ka matsa da yawa, kuma ita ce ta karɓe aikin, sai ka rage. Yawancin mutane nan suke ɓata shi, suna danna haɓa a ƙirji da ƙarfi su ce ba su ga amfani ba.

Sai miƙa. Zauna a kujera, ka kama gefenta da hannun dama don kafaɗa ta tsaya ƙasa, ka kai kunnen hagu wajen kafaɗar hagu har ka ji ja, daƙiƙa 30, sau 3. Sannan ka juya fuska rabi zuwa hagu ka kalli hammatarka, wannan yana kama tsoka ta biyun. Kada ka ja kai da hannu da ƙarfi, kada kuma ka riƙa juya kai zagaye har baya. Miƙa tana sassautawa na ɗan lokaci ne kawai, don haka kada ka tsaya a kanta.

Abin da ya fi canza lamarin shi ne ɗaga nauyi. A Denmak, Lars Andersen da abokan aikinsa sun gwada wannan a 2008 a kan mata ma'aikatan ofis masu ciwon wannan tsoka: minti 20, sau uku a mako, makonni 10, ciwon ya ragu sosai fiye da na waɗanda suka tuƙa keken motsa jiki kawai. A 2011 sun sake nuna cewa ko minti 2 a rana da roba, kwana biyar a mako, yana rage ciwo. Ba ka buƙatar ƙarfen gidan atisaye. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ce, in ka cika ta da yashi ta haura kilo 2. Galan mai lita 5 kilo 5 ne.

Tsaya da gora a kowane hannu, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, ka ɗaga hannuwa ta gefe, ɗan gaba kaɗan, har su kai daidai kafaɗa, ka sauke a ƙirga uku. Na biyu, riƙe galan a kowane hannu, ɗaga kafaɗu miƙe zuwa kunnuwa, tsaya daƙiƙa 2, sauke a hankali, banda murza su gaba da baya. Na uku, ɗaure tsohon tiyub na keke a ƙarfen taga daidai cibiya, ka jawo gwiwoyin hannu baya har allunan kafaɗa su matso juna. Na huɗu, sunkuya daga ƙugu, baya a miƙe, ka buɗe hannuwa da gorori zuwa gefe. Kowanne sau 12, ka huta minti ɗaya, ka maimaita har zagaye uku, rana ɗaya a yi rana ɗaya a huta. Ranar da ka iya yin 15 ba wahala, ƙara nauyi da rabin kilo. Wanda ya zauna a kan gora ɗaya wata uku bai ƙarfafa komai ba.

Kura-kuran da ake yawan yi: tura haɓa gaba lokacin ɗagawa, barin kafaɗa ta haye kunne a atisaye na farko, fizgar nauyi, da riƙe numfashi, wanda bai dace da mai hawan jini ba. Fitar da numfashi lokacin ɗagawa. Ciwo kaɗan, uku ko huɗu cikin goma, ba laifi muddin ya koma yadda yake kafin washegari. In ya wuce haka ko ya fara sauka hannu, rage nauyi da rabi. Mako na farko tsokar za ta yi tsami, wannan ba lalacewa ba ce, kada ya sa ka bari.

Malam Isifu, mai allurar Sinawa, Asawase

Malam Razak sannu da jiki. Hajiya ta gama da ɓangarenta, bari in yi na allura, in kuma faɗi iyakarta.

Allurar ba irin ta asibiti ba ce. Ba rami a cikinta, ba a zuba magani. Bakin ƙarfe ce siririya, kaurinta tsakanin milimita 0.16 da 0.30, wadda ake sa wa a wuya da kafaɗa tsawonta yawanci milimita 25 zuwa 40, kuma ba duka ake shigarwa ba. Tana zuwa a rufe cikin takarda da ɗan bututun roba da ake dafawa a fata a buga ta. Shigarta ba ta kai cizon sauro zafi ba, abin da za ka ji bayan nan nauyi ne ko tsami mai bazuwa. Hanya biyu ake bi. Ta Sinawa tana bin sanannun wurare, kamar GB20 a ramukan ƙeya biyu, GB21 a tsakiyar saman kafaɗa, da LI4 tsakanin babban yatsa da manuni, a bar allurai minti 15 zuwa 30. Ɗayar, da wasu likitocin fisiyo ke yi, ana neman ƙullin ne da yatsa a soka shi kai tsaye har tsokar ta yi zillo ta saki, a cire nan take. Wannan ta fi barin tsami, kwana ɗaya ko biyu.

Tana aiki? Tana rage ciwo ga mutane da yawa, amma ba kamar yadda masu talla ke faɗa ba. Jami'ar York a Ingila ta yi gwaji da mutum 517 masu ciwon wuya na aƙalla wata uku, aka buga sakamakon a 2015. Waɗanda aka ba zama har 12 na allura, bayan shekara ciwonsu da nakasun da yake jawo musu ya ragu da kashi 32 cikin 100, waɗanda aka bari da kulawar likita ta yau da kullum kuma kashi 23. Ka ga akwai bambanci, ba mai girma ba ne, kuma masu allurar sun haɗa da shawara kan yadda mutum zai kula da kansa. Gwaje-gwaje da yawa ma sun nuna tazarar da ke tsakanin allura a wurin gaskiya da allurar bogi ba ta da faɗi. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, a 2021 ta yarda a yi wa mai daɗaɗɗen ciwon da ba a gano wata cuta a bayansa ba jeri ɗaya na allura, ba a yi ta yi ba iyaka. Saboda haka ƙa'idar da nake ganin ta dace: sau ɗaya ko biyu a mako, in an kai zama 4 zuwa 6 ba wani canji, a tsaya, kada a ƙara ko sidi ɗaya. Wanda ya ce maka sai ka biya kuɗin zama talatin tun ranar farko, kasuwa yake yi da wuyanka.

Hatsarin da ya kamata kowa ya sani yana daidai wurin da ke maka ciwo. Ƙololuwar huhu tana haurowa santimita 2 zuwa 3 sama da ƙashin da ke kwance daga gindin wuya zuwa kafaɗa. In aka soka allura a GB21 miƙe zuwa ƙasa da zurfi, ko tsakanin haƙarƙari kusa da allon kafaɗa, za ta iya huda fatar huhu, iska ta shiga, huhun ya motse. Wanda ya san aiki yana kama tsokar da yatsu ya ɗaga ta daga jiki, ya sa allurar ta ratsa naman da ke hannunsa, ba ta nufi ƙirji ba. Siririn mutum da mai shan taba da mai ciwon huhu sun fi shiga haɗari. In bayan an yi maka allura ka ji sukar ƙirji, ko numfashi ya yi gajere, ko busasshen tari, ko da bayan awoyi ne, ka tafi asibiti ka faɗa musu abin da aka yi maka da wurin da aka yi.

Sauran abubuwan lura: a yaga takardar allura a gabanka, a jefa ta a kwandon allurai bayan an gama, domin ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasar nan kuma allurar da aka maimaita tana ɗaukarsa. A ƙirga allurai lokacin sawa da lokacin cirewa. Zaman farko a kwance, ba a zaune ba, kuma kada ka je da yunwa ko kana azumi, don wasu suna suma. Ka faɗa in kana shan maganin tsinka jini kamar warfarin, ko kana da ciwon suga, ko na'urar bugun zuciya, wadda ba a haɗa ta da allurar da ake jona wa lantarki. Ka nemi ganin takardar rajista. Majalisar TMPC, wadda dokar Act 575 ta shekarar 2000 ta kafa, ita ke kula da masu maganin gargajiya da irin namu, likitocin fisiyo kuma suna ƙarƙashin Allied Health Professions Council.

Amfanin allura a wurinka shi ne ta sassauta ciwon har ka iya ɗaga gorar da Hajiya ta ce. Ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi.

Alhaji Ɗan'azumi, Sabon Zango

Razak ɗana, duba kujerarka. Telolinmu da yawa a kan benci gajere suke zama, teburin keke ya zo musu kusa da ƙirji, dole kafaɗa ta ɗaga wuni guda, ta dama kuma ta fi shan wahala don ita ke kai wa ga kan keken. Zauna, saki kafaɗu, lanƙwasa gwiwar hannu: saman teburin ya zo daidai gwiwar hannunka ko ƙasa kaɗan. In bai zo ba, ƙara wa kujera tsawo da katako ko matashi mai tauri, in ƙafa ta daina kai wa ga feda sai a matso da ita. Allurar keken ta kasance daidai tsakiyar jikinka, kada ka zauna a karkace. Matso cikinka kusa da tebur.

Sai haske. Ƙwan da ke rufin shago yana jefa inuwar kanka a kan ɗinki, shi ya sa kake ƙara sunkuyawa. Sayi ƙaramar fitila mai maganaɗisu da ake manna wa a jikin keke. Kuma a shekara 43, in zura zare ya fara yi maka wuya, je a auna idonka. Tabarau na karatu yana ɗaga kan tela fiye da kowace nasiha. Duk minti 30 ka miƙe tsaye ko na minti ɗaya ne, ka ajiye dutsen guga nesa da keke don dole ta tashe ka. Waya kuma a daina maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa ana ɗinki.

Anti Mariya, mai haɗa magunguna

Malam Razak, maganar dikolofenak ce ta tsaya mini. Shan sa kullum na watanni yana cin bangon ciki har ya kai ga gyambo da zubar jini, yana wahalar da ƙoda, yana kuma ɗaga hawan jini. In ka ga bayan gida baƙi ƙirin ko zafin ciki, ka daina yau ka je asibiti. Kada a haɗa shi da ibufurofen ko asfirin, 'yan gida ɗaya ne, kuma yawancin haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutane a leda suna ɗauke da biyu daga cikinsu. Na shafawa ya fi sauƙi ga ciki, sau uku ko huɗu a rana a kan fata mai lafiya. Farasitamol kuma babba kada ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Tiramadol ba na wannan ciwon ba ne, mun ga abin da ya yi wa samarin zangunanmu. Tawul da aka tsoma a ruwan ɗumi, minti 15 zuwa 20 kafin atisaye, yana yin rabin aikin da kake nema a ƙwaya.

Razak Tela, Aboabo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura biyu. Ƙahon fa, da ƙwanƙwasa wuya da ake yi a wurin aski? Sannan maiɗakina tana sayar da kaya a kasuwar Kejetia, tana ɗauka a ka, ita ma wuyan na damunta, kuma tana da ciki wata biyar. Za a iya yi mata allurar?

Malam Isifu, mai allurar Sinawa, Asawase

Ga mai ciki, a al'adar wannan aiki ana kauce wa GB21 da LI4 da wani wuri a saman idon sawu ta ciki, SP6, kuma GB21 shi ne daidai inda ciwon nata zai kasance. Shawarata ta fara da ɗumi da tausa mai sauƙi da atisaye, ta kuma faɗa wa ungozoma a wurin awo. Kada ka ba ta dikolofenak ɗinka, yana da illa ga jariri daga tsakiyar ciki zuwa sama, musamman watanni ukun ƙarshe.

Ƙaho yana iya sassauta tsoka na kwanaki, kamar tausa mai ƙarfi. In za a yi, aska sabuwa a gabanka, a saman kafaɗa da baya kawai, ba gaba ko gefen wuya ba inda manyan jijiyoyin jini suke. Mai ƙarancin jini ko mai shan maganin tsinka jini ya bar shi.

Hajiya Safiya, likitar fisiyo

Ƙwanƙwasa wuya a wurin aski ka ƙi shi gaba ɗaya. Ƙarar iska ce a cikin ruwan gaɓa, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. Jijiyoyin jini biyu masu kai jini bayan ƙwaƙwalwa suna bi ta ramukan ƙasusuwan wuya, fizga mai ƙarfi tana iya tsaga bangonsu ta jawo shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma mai aski bai da hanyar sanin wanda zai faru a kansa.

Maiɗakinka, a gaishe ta. Lokacin ɗora kaya da saukewa ne wuya ya fi cutuwa, don haka ta nemi mai taya ta duka biyun, ta durƙusa da gwiwa maimakon sunkuyawa. Gammo ya zama mai faɗi, kaya a tsakiyar kai, in za ta waiwaya ta juya da ƙafafu. Ta raba kayan gida biyu ko ta ba mai kura, ciki yana sassauta gaɓoɓi kuma faɗuwa da kaya a ka ta fi komai muni. Atisayen haɓa ta yi shi a tsaye, bayanta jingine da bango, tunda doguwar kwanciya rigingine ba ta dace da ita yanzu ba. Jan roba da gorar rabin lita sun ishe ta.

Kai kuma ga yadda za ka jera: gyaran kujera da fitila a wannan makon, haɓa da miƙa kullum, nauyi Litinin, Laraba da Juma'a. In za ka yi allura, sa ta a ranar hutu, kada ka ɗaga nauyi a ranar da aka yi ta. Ka rubuta makin ciwonka cikin goma duk Lahadi, don ƙwaƙwalwa ba ta riƙe sauyi a hankali. In makonni 6 sun cika makin bai sauka ba, ɗauki katin inshorar lafiya na NHIS ka fara da asibitin da ke kusa, kamar na Manhyia, su tura ka sashen fisiyo a duba ka hannu da hannu. Kada ka gaggauta biyan kuɗin hoton ƙashi da kanka, domin mutane da yawa da suka haura arba'in hoton wuyansu yana nuna zaizaya ko ba sa jin ciwo, kuma ƙullin tsoka ba ya fitowa a cikinsa.